Kuɗi sun shigo sun sake fita: abin da ɗan kasuwa zai yi idan transfa ta koma ko kwastoma ya yi ƙorafin kati

Duk wanda ya daɗe yana karɓar kuɗi ta banki ko ta kati ya san wannan tashin hankalin. Ka sayar da kaya, alat ya shigo, ka tura kayan, ka ma manta da maganar, sai bayan sati uku ko wata biyu ka buɗe asusu ka ga an zare kuɗin, har da ɗan cajin da aka ɗora maka a kai kamar kai ne ka yi laifi. Ba tsuntsu ba tarko. Abin da yawancinmu ba mu gane ba tun farko shi ne, ganin kuɗi a asusu ba ya nufin cinikin ya rufe, akwai ƙofar da ke buɗe a baya na wasu kwanaki ko watanni, kuma tsawon buɗewar ya danganta da hanyar da kuɗin suka bi suka zo maka.

To ga yadda ake bi, daki-daki.

Mataki na farko: gane wane iri ne ya same ka

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne kuɗin banki da suka koma, wato banki ya ƙi biya ko ya mayar da kuɗin ga mai asusu. Na biyu shi ne abin da ake kira cajbak, mai kati ya je wajen bankin da ya ba shi katin ya ce bai yarda da wannan cirewar ba, bankin ya janye kuɗin daga wajenka ta hanyar Visa ko Mastercard ko wane kamfani ne ke da katin. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne a kati akwai wajen kare kai, za a saurare ka idan ka kawo hujja a kan lokaci. A kuɗin banki da suka koma kuwa sau da yawa babu wani alƙali a tsakani, kuɗi sun tafi kenan, sai dai ka bi kwastoman kai da shi.

Saboda haka kafin ka ɗaga waya ka fara yi wa kowa faɗa, shiga dasbod ɗin kamfanin da ke karɓar maka kuɗi ko ka duba saƙon bankinka, ka nemo abu uku: lambar dalili, ranar da aka yi cinikin asali, da ranar ƙarshe da aka ba ka ka amsa. Rubuta su a wani waje. Ranar ƙarshen nan ita ce ta fi kashe mutane, wallahi na ga masu hujja a hannu tsaf amma suka yi asara don kawai saƙon ya shiga imel ɗin da ba mai dubawa.

Mataki na biyu: idan kuɗin banki ne suka koma

Nan ma sai ka sake rabawa. Akwai kuɗin da kwastoma ya turo da kansa daga asusunsa, akwai kuma waɗanda kai ne ka ja daga asusunsa da izininsa, irin biyan wata-wata. Wanda ya turo da hannunsa yana da wuyar dawowa, shi ya sa 'yan kasuwa ke son sa. Amma ba a ce ba ya taɓa dawowa ba, idan asusun da aka turo daga ciki na sata ne ko an yi kuskure an tura sau biyu, bankin can zai iya neman a mayar, wani lokaci har a daskarar da kuɗin a asusunka kafin a gama bincike.

Wanda kai ka ja shi ne mai yawan matsala, kuma kowane tsari da ƙa'idarsa. A Amurka tsarin ACH ne, ƙungiyar Nacha ce ke kafa masa doka, kuma kowace komawa tana zuwa da lamba mai farawa da R. R01 babu isassun kuɗi a asusu, R02 an rufe asusun, R03 ba a samu asusun ba, R04 lambar asusun ba daidai ba ce, R08 mai asusu ya sa a dakatar da biyan, R07 ya janye izinin da ya ba ka, R10 kuma ya ce shi bai ma san ka ba ko bai ba da izini ba. Yawancin waɗannan suna dawowa cikin kwana 2 na aikin banki, amma na rashin izini daga asusun mutum ɗaiɗai yana da har kwana 60. Idan asusun kamfani ne, lambar R29 ce kuma kwana 2 kawai suke da shi. A Turai kuwa tsarin SEPA ne, kuma can ƙofar ta fi faɗi, kwastoma na da sati 8 da zai ce a mayar masa da kuɗinsa ba tare da an tambaye shi dalili ba, idan kuma ya ce babu izini kwata-kwata yana da wata 13. Lambobinsu irin su AM04 na rashin kuɗi, AC04 na rufaffen asusu, MD01 na rashin takardar izini, MD06 na wanda ya nemi a mayar masa.

Me za ka yi da lambar? Idan ta rashin kuɗi ce, wannan ba faɗa ba ne, sau tari albashi ne bai shigo ba. Tuntuɓi kwastoman cikin mutunci, ka tambaye shi ranar da ta fi masa, sannan ka sake gwadawa. Amma fa da iyaka, a ACH sau 2 kawai aka yarda ka sake turawa bayan na farko, kuma cikin kwana 180. Kar ka saita na'ura ta dinga bugawa kullum da asuba, kowace komawa ana iya cajin ka, shi ma bankinsa na iya cajinsa, kuma mutumin da da zai biya cikin daɗin rai sai ya fusata ya je ya ce bai ba da izini ba.

Idan ta rufaffen asusu ce ko lambar da ba daidai ba, sake gwadawa ɓata lokaci ne, sai dai ka nemi sabbin bayanai daga wajensa.

Idan kuwa ta rashin izini ce ko janye izini, tsaya cak. Kar ka sake ja daga wannan asusun sai ka samu sabon izini a rubuce. Ka ciro takardar izinin da ya ba ka tun farko domin bankinka zai iya nema, kuma dokar Nacha ta ce a ajiye ta har shekara 2 bayan izinin ya ƙare. Ko da takardar tana hannunka ba lallai ta dawo maka da kuɗin ta cikin tsarin ba, amfaninta shi ne ta wanke ka a wajen bankinka kuma ta zama makaminka idan za ka bi bashin ta wata hanya. Ka kuma dakatar da duk wani kaya ko aikin da bai riga ya fita ba.

Wani abu da ya kamata ka sani, ana ƙirga maka waɗannan komawar. A ACH idan na rashin izini suka wuce kashi 0.5 cikin 100, ko na kuskuren bayanan asusu suka wuce kashi 3, ko duka-duka suka wuce kashi 15, za a fara yi wa bankinka tambayoyi, shi kuma zai juyo kanka.

Sai tarkon da ya daɗe yana cin mutane: wani ya turo fiye da kuɗin kaya, ya kira yana ba da haƙuri wai kuskure ne, don Allah a tura masa ragowar zuwa wani asusun daban. Ka tura, bayan kwanaki kuɗin farkon su koma don dama na sata ne. Duk abin da za ka mayar, mayar da shi ta hanyar da ya zo, zuwa asusun da ya fito, kuma ka sa bankinka a ciki.

Mataki na uku: cajbak, karanta ƙarar da aka kai ka

Yadda abin ke tafiya shi ne mai kati ya kai kuka bankinsa, bankin ya zaɓi lambar dalili ya turo ta hanyar kamfanin katin zuwa bankinka ko kamfanin da ke karɓar maka kuɗi, su kuma su zare kuɗin nan take kafin ma a ji ta bakinka. Galibi mai kati na da kwana 120, kuma idan maganar rashin isowar kaya ce ƙirgen na iya farawa daga ranar da aka yi alƙawarin kawowa, shi ya sa masu sayar da tikitin tafiya ko kayan da ake oda tun kafin a ƙera suke ganin cajbak bayan watanni da yawa. Kai kuma Visa na ba da kwana 30 na amsa, Mastercard kwana 45, amma kar wannan ya ruɗe ka, kamfanin da ke tsakaninku yana yanke nasa kwanakin don ya samu lokacin tura takardu, abin da aka rubuta maka a dasbod shi ne naka.

Lambar dalilin ita ce ƙarar. A Visa 10.4 na nufin an yi amfani da kati ba da izinin mai shi ba a cinikin da ba a ga kati ido da ido ba, 13.1 kaya bai iso ba, 13.2 an ci gaba da cire kuɗin wata-wata bayan ya soke, 13.3 kayan ba kamar yadda aka kwatanta ba ne ko yana da aibi, 13.6 an yi masa alƙawarin mayar da kuɗi ba a mayar ba, 12.6 an cire sau biyu ko ya riga ya biya ta wata hanya. A Mastercard 4837 ce ta rashin izini, 4853 kuma ta tattara yawancin rigingimun kaya da aiki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne amsa tambayar da ba a yi ba. An ce kayan ba irin wanda aka nuna a hoto ba ne, kai kuma ka tura shaidar cewa an kai masa har gida. To ai bai ce bai karɓa ba. Wanda ke duba takardun a banki yana da tarin irinsu a gabansa, yana neman abu ɗaya ne, amsar wannan lambar, in bai gani ba ya wuce.

Mataki na huɗu: kar ka biya sau biyu

Wannan gajere ne amma kar a tsallake shi. Da zarar an buɗe cajbak, kar ka danna mayar da kuɗi kuma kar ka tura wa kwastoman ta bayan fage don a zauna lafiya. An riga an zare maka sau ɗaya, idan ka sake turawa ana kukan targaɗe sai ga karaya. Idan ka riga ka mayar tun kafin ƙorafin ya zo, wannan ita ce hujjarka, ka tura shaidar mayarwar da ranarta da lambarta. Idan kun yi magana ya ce ai ya tuna, zai janye ƙorafin, madalla, amma ka sa ya rubuto maka, kuma duk da haka ka tura amsarka kafin ranar ƙarshe tare da wannan rubutun. Alƙawarin baki ba ya tsayar da agogon banki.

Mataki na biyar: yanke shawara, a kare ko a bari

Ba kowane cajbak ake yaƙa ba. Idan da gaske katin sata aka yi amfani da shi a shafinka kuma ba ka bi ta 3-D Secure ba, wato matakin da banki ke tura wa mai kati lambar sirri ko ya ce ya tabbatar a manhaja, to kusan asarar taka ce, mai katin shi ma an zalunce shi. Idan kai ne ka yi jinkirin kaya ko ka manta ba ka soke masa rajista ba, karɓi laifi ka wuce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka idan kuɗin bai kai darajar awannin da za ka ɓata ba.

Wanda ya cancanci a tsaya a kai shi ne inda ka san mutumin ya saya, ya karɓa, yana ma amfani da abin, sannan ya je ya ce bai san zance ba. Wasu da gangan suke yi, wasu kuma tsakani da Allah ba su gane sunan da ya fito musu a bayanin asusu ba ne, ko yaro ne ya ɗauki katin ya sayi wani abu a wasan waya.

Mataki na shida: haɗa hujja

Nan ne aikin yake, kuma gaskiyar magana ranar ciniki ake cin wannan shari'ar ko a faɗi, abin da ba ka ajiye ba a ranar ba za ka ƙirƙiro shi yanzu ba.

Idan ƙarar rashin izini ce, fara duba ko cinikin ya bi ta 3-D Secure, domin idan an tabbatar da mai katin ta nan, galibi nauyin zamba yana komawa kan bankin da ya ba da katin. Idan a shago ne da na'urar POS, cinikin da aka sa kati mai cif aka buga lambar sirri ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a kan wanda aka goga ko aka buga lambobin katin da hannu. Bayan wannan sai ka kawo sakamakon tantance lambobin bayan kati da na adireshi, adireshin IP (lambar da ke nuna daga inda aka shiga intanet), shaidar na'urar da aka yi odar da ita, imel da asusun da ya shiga da shi. Tun watan Afrilu na 2023 Visa ta kawo wata ƙa'ida da ke taimakon 'yan kasuwa a kan lambar 10.4 ta rashin izini: idan ka nuna ciniki 2 na baya da wannan katin da ba a yi ƙorafi a kansu ba, waɗanda suka kai kwana 120 amma ba su wuce 365 ba, kuma aƙalla bayanai biyu suka yi daidai da na cinikin da ake rigima a kai, ɗaya daga ciki ya zama adireshin IP ko shaidar na'ura, to nauyin na komawa kan bankin mai kati. Amma fa ka lura, sakamakon tantance lambobin bayan kati kawai ake ajiyewa, su lambobin kansu ƙa'idar tsaron bayanan kati mai suna PCI DSS ta hana a adana su bayan an gama ciniki.

Idan ƙarar kaya bai iso ba ce, lambar bibiyar kaya, ranar da aka kai, adireshin da aka kai wanda ya yi daidai da na odar, sa hannu ko hoto idan akwai. Idan abin da kake sayarwa ba a riƙe shi da hannu, kamar darasi ko manhaja, to tarihin shigarsa da saukewarsa su ne rasit ɗinka. Saƙon da ya turo yana tambayar yadda ake kunna abin bayan ya karɓa, wannan zinare ne.

Idan ta kaya ba kamar yadda aka kwatanta ba ce, kawo hoton shafin kamar yadda yake ranar da ya saya, da hirarku, da shaidar ka ce ya dawo da kayan bai dawo da su ba. Idan ta rajistar wata-wata ce, nuna inda ya amince da sharuɗɗan, da yadda ake sokewa, da cewa bai soke ba kafin ranar cirewa, ko ya ci gaba da amfani bayan ranar da ya ce ya soke. Sharuɗɗan da aka ɓoye a can ƙasan shafi ba su da nauyi kamar waɗanda ya danna ya amince kafin ya biya.

Sai ka rubuta 'yar wasiƙa a sama, rabin shafi ya isa: ga lambar ƙara, ga abin da ya faru da ranakunsa, ga hujja ta ɗaya ta biyu ta uku. Ba zagi, ba labarin yadda kake wahala da kasuwa, ba shafi arba'in na hotunan hira da ba su da alaƙa. Hotuna su fito tar, ka ja layi a wajen da kake so a gani. Yawancin kamfanoni sau ɗaya suke barin ka tura, don haka ka duba da kyau kafin ka danna.

Mataki na bakwai: bayan ka tura

Jira, yana iya ɗaukar makonni har ya haura wata biyu. Idan ka yi nasara kuɗin cinikin za su dawo, shi kuwa cajin da aka ɗora wasu kamfanonin na mayarwa wasu ba sa mayarwa, duba yarjejeniyarka. Bankin mai kati na iya ƙin yarda ya sake tayar da maganar, daga nan idan kowa ya kafe sai a kai gaban kamfanin katin ya yanke hukunci, kuma wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin shari'ar, ɗaruruwan daloli. Ni dai ba na ba da shawarar zuwa can sai kuɗin na da yawa kuma hujjar ba ta da ko ɗigon shakka.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ko ka ci shari'ar, cajbak ɗin yana nan a lissafinka. Mastercard na sa ido a kan ɗan kasuwar da ya kai cajbak 100 a wata kuma suka kai kashi 1.5 cikin 100 na cinikinsa, Visa ma tana da nata shirin mai suna VAMP da ta sabunta a 2025, wanda ya haɗe rahoton zamba da ƙorafi waje guda. Kamfanin da ke karɓar maka kuɗi ba ya ma jira ka kai can, zai iya fara riƙe wani kaso na kuɗinka a matsayin ajiya, ko ya rufe asusun. Idan aka rufe saboda yawan cajbak ana iya sa sunanka a jerin MATCH, wanda bankuna ke dubawa kafin su karɓi sabon ɗan kasuwa, kuma suna na zama a ciki shekara 5.

Mataki na takwas: toshe ɓarakar

Koma kan kowane ƙorafi ka tambayi daga ina ya ɓullo. Fara da sunan da ke fitowa a bayanin asusun kwastoma, ka sayi wani ƙaramin abu da katinka ka gani da idonka, idan sunan kamfanin rajista ne ya fito ba sunan da mutane suka san ka da shi ba, ka sa a canza yau. Ka sa lambar waya ko imel a inda kowa zai gani kuma a dinga amsawa, domin wanda ya same ka cikin sauƙi ba kasafai yake zuwa banki ba. Tura rasit nan take, tura tunatarwa kafin cire kuɗin wata-wata ko na shekara, ka sa sokewa ta zama mai sauƙi kamar shiga. Mayar da kuɗi da wuri idan ka san za ka mayar, ka kuma gaya masa kwana nawa zai ɗauka kafin ya gani.

Kunna 3-D Secure aƙalla a kan manyan oda da waɗanda suka yi maka wari, misali an gwada kati biyar a jere kafin ɗaya ya shiga, ko sabon kwastoma na gaggawar a tura kaya masu tsada zuwa adireshin da ba na katin ba. Idan cinikinka na da yawa, tambayi kamfaninka ko suna haɗa ka da sanarwar Ethoca ta Mastercard ko Verifi ta Visa, waɗanda ke sanar da kai ƙorafi tun bai zama cajbak ba don ka mayar da kuɗi kafin ya shiga lissafi. Ana biyan kuɗi a kan kowace sanarwa, sai ka auna ko ta fi maka sauƙi.

A ɓangaren banki kuma, tantance asusu kafin ka fara ja daga ciki, kuma sabon kwastoma mai babbar oda ka bar kwanakin komawa na farko su wuce kafin kaya su bar hannunka. Takardun kowane ciniki ka ajiye su aƙalla wata 18, domin a wasu ƙorafe-ƙorafen Visa wa'adin na iya kaiwa kwana 540 daga ranar ciniki.